Waiwaye: Yadda Harry Potter ya shigo zangunan Akra, da gardamar da ta biyo shi

A watan Afrilun 2025 tashar HBO ta Amurka ta sanar da cewa Paapa Essiedu, ɗan wasan da aka haifa a Landan kuma iyayensa 'yan Gana ne, shi zai fito a matsayin malam Severus Snape a sabon shirin talabijin na Harry Potter. A ƙasashen Turawa sai aka hau cacar baki kan launin fatarsa. Da labarin ya iso Nima da Mamobi, unguwannin zango na Akra, ta wayoyin hannu, masu shekara talatin da 'yan kai sun yi murna, don ɗan gida ya samu babban matsayi a labarin da suka taso da shi. Amma a majalisun shayi da tsakar gidaje wata tsohuwar magana ce ta farka, wadda muka sha ji tun muna yara: ya dace ɗan Musulmi ya zauna yana karanta labarin makarantar mayu?

Asalin abin ba shi da wata hayaniya. A 1990, shekarar da aka haifi shi Essiedu ɗin, tunanin labarin ya faɗo wa J.K. Rowling a cikin jirgin ƙasa tsakanin Manchesta da Landan. Ta rubuta mafi yawan littafin farko a Edinbura, kamfanonin ɗab'i goma sha biyu suka ƙi karɓa, sai kamfanin Bloomsbury ya buga shi ranar 26 ga Yunin 1997, kwafi 500 kacal masu bango mai tauri. Labarin wani maraya ne mai suna Harry Potter da dangin uwarsa suke wulaƙantawa, yana cika shekara goma sha ɗaya aka aiko masa da takardar shiga wata makarantar kwana mai suna Hogwarts. Littattafai shida suka biyo baya cikin shekara goma. Yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 600, an fassara shi zuwa harsuna sama da 80, har da Larabci, wanda wani kamfanin ɗab'i na Masar ya buga.

Zango kuwa ba ta kantin littattafai ya shigo ba. Sabon kwafi ya fi ƙarfin aljihun mai sayar da koko da ƙosai, ko direban trotro, motar haya ta cikin gari. Ta hanyar aro ya zo: ɗan da ke makarantar kwana ya dawo hutu da shi a ƙasan akwati, ɗan'uwa ya aiko daga Ingila ko Jamus cikin kaya, ko kuma a tsince shi a shimfiɗar masu tsofaffin littattafai a bakin titi wajen kasuwar Makola. Akwai kuma ɗakin karatun yara na Nima, ɗaya daga cikin waɗanda suka samo asali daga aikin Kathy Knowles, 'yar Kanada da ta fara tara yara a ƙarƙashin bishiya a gidanta a 1990 tana karanta musu. Irin waɗannan ɗakuna su suka saba wa yaran unguwa da riƙe littafin da ba na jarrabawa ba. Kwafi ɗaya yakan zaga hannu goma, bangonsa ya yage a liƙe da salatif, a ci gaba. Daga 2001 kuma fim ya fito, faifan bidiyo ya kai labarin gidajen da littafin bai taɓa shiga ba.

Wanda bai ga zumuɗin lokacin ba zai ɗauka ƙari ake yi. Littafi na biyar, na 2003, shafi 766 ne a bugun Ingila, amma yaron da ake fama da shi ya karanta shafi biyu na darasi sai ya cinye shi cikin mako guda. Na shida ya fito a 2005, ya ƙare da Snape ya kashe shugaban makarantar, Dumbledore, aka shafe shekara biyu ana musu: maci amana ne ko akwai wani sirri? Na bakwai ya fito ranar 21 ga Yulin 2007, aka sayar da kusan kwafi miliyan 11 a Amurka da Birtaniya cikin awa 24 na farko. Mu a nan watan ne aka sauya kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, ga ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ana rabon wuta. Ni da fitilar kwai na karanta nawa rabon, bayan na jira layi na kusan wata biyu, ina toshe kunne kada wani ya faɗa mini ƙarshen.

Adawa ma ba a nan ta fara ba. A Amurka ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta lissafa jerin a matsayin wanda aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu a shekarun 2000 zuwa 2009, kuma galibin masu ƙorafin iyaye Kiristoci ne. A Disambar 2001 wani coci a garin Alamogordo na jihar New Mexico ya tara littattafan ya cinna musu wuta. A 2002 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana amfani da su a makarantu masu zaman kansu. To da maganar ta iso Akra, fasto da liman sun tarar da kansu a layi ɗaya, abin da ba kullum yake faruwa ba.

Sai dai tsoron namu yana da tushe na kansa, kuma a nan ne nake ganin masu yi wa iyayenmu dariya suka yi kuskure. Cikakken sunan makarantar a Turance ya ƙunshi kalmar witchcraft, wadda ɗan Gana ke fassarawa kai tsaye da maita. Ga yaron Ingila, wannan kalma tana tuno masa da doguwar hula da tsintsiya da kayan wasa. Ga uwa a Sabon Zango, maye shi ne mai kama kurwar jariri, wanda ake zargi idan yaro ya rame ba dalili, wanda maƙwabtanmu Asante ke kira obayifo. Kalma ce mai raba aure, mai korar tsohuwa daga gidan da ta gina. A arewacin ƙasar nan har yau akwai sansanonin da matan da aka zarga da maita suke fakewa, irin na Gambaga da Kukuo da Gnani. A Yulin 2020 an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya yi ajalinta a Kafaba, a bainar jama'a, saboda wannan zargi. Majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin haramta zargin maita a Yulin 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Uwar da ta san duk wannan, ta ga ɗanta ya duƙufa kan littafin da aka ce mata na makarantar mayu ne, ba wauta ta yi ba da gabanta ya faɗi.

Malamai kuma da hujja suka zo. Aya ta 102 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci Haruta da Maruta, ta bayyana koyon sihiri a matsayin abin da ke cutarwa ba ya amfani. Hadisin abubuwa bakwai masu halakarwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya jera sihiri nan da nan bayan shirka. Abin da suka fi nanatawa shi ne, a wannan labari jarumai ne masu sihirin, su ake so, su ake koyi da su, kuma duk wuyar da ta same su sanda suke ɗagawa, ba a ji sun kira Allah ba. Yaro ɗan shekara tara, in ji su, bai gama rarrabe wasa da gaske ba, kuma abin da aka ƙawata masa da ƙuruciya da wuya ya ƙyamace shi da girma. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban taɓa jin wanda ya ture ta gaba ɗaya ba.

Masu kare littafin, waɗanda yawancinsu malaman boko ne da ɗaliban jami'ar Legon 'yan zango, sukan ce babu wanda ya taɓa koyon tsafi daga ciki. Kalmomin da ake furtawa ƙagaggu ne daga Latin, ko ka kwana kana maimaita su ko ƙuda ba zai faɗo ba. Abin da yaro ke ɗauka shi ne amana tsakanin abokai, da sadaukarwar uwa, da ƙin masu taƙama da tsarkin jini suna raina na ƙasa da su. Ɗan zango da aka taɓa tambaya a ofishin gwamnati ko da gaske shi ɗan Gana ne, ba ya bukatar a fassara masa wannan ɓangare. Sannan suna da hujjar da ta fi ƙarfi a wurina: ƙagaggen labari ba baƙo ba ne a zauren malam. Muƙamatul Hariri, da ake karantawa a zaurukan ilimi daga Kano har Salga, labaran wani mayaudari ne, Abu Zaidi, wanda bai taɓa rayuwa ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga a 1934, cike yake da aljannu, Magana Jari Ce kuwa aku ne ke ba da labari, kuma marubucin ɗan gidan malamai ne. Bambancin da za a yarda da shi shi ne duniyar Imam ta Musulunci ce, mutanensa suna salla suna rantsuwa da Allah, ta Rowling kuwa ba haka take ba.

Abin da aka yi a aikace bai kai zafin maganar ba. Wasu gidaje sun ƙwace littafin, wasu makarantun Islamiyya sun yi gargaɗi, amma hanawa ƙara masa kasuwa ta yi, yara suka riƙa naɗe shi da bangon littafin lissafi. A Kano ma, a wannan shekara ta 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai, kuma 'yan mata ba su daina karantawa ba. Ni dai ban san wani a unguwarmu da Harry Potter ya raba da salla ba, na kuma san da yawa da Turancinsu ya miƙe ta dalilinsa har suka ci jarrabawar fita sakandare.

Bayan littafin ƙarshe gardamar ta sauya salo. A Oktoban 2007 marubuciyar ta faɗa a wani taro a New York cewa Dumbledore mai neman jinsi ne a tunaninta, abin da babu shi a rubuce cikin littattafan bakwai, amma ya ishi masu adawa su ce ga abin da suke gudu. A 2016 ta bayyana cewa duniyar labarin tana da makaranta a Afirka mai suna Uagadou, a duwatsun Yuganda, inda ɗalibai ba sa bukatar sanda. Sunan ya yi kama da Wagadu, tsohuwar daular da ƙasarmu ta ari sunanta na Gana a 1957. Wasu sun ji daɗi, wasu suka ce nahiya guda mai ƙasashe sama da hamsin an ba ta makaranta ɗaya kamar ƙauye. A shekarar ce kuma baƙar mace, Noma Dumezweni, ta fito a matsayin Hermione, ƙawar Harry, a wasan daɓe a Landan. Daga 2020 masoyan na Turai da Amurka sun rabu gida biyu kan ra'ayin Rowling game da masu sauya jinsi, rigimar da ba ta taka kara ta karya ba a zango.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba a duk shekarun nan, kuma ita ta fi damuna. Da aka ƙwace littafin daga hannun yaron, me aka miƙa masa? A wannan ƙasa, lokacin tana Gwal Kos, Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyin Hausa da ajami, Baturen nan R.S. Rattray ya buga su a 1913. Gizo da Ƙoƙi, da dodo mai haɗiye gari, da yarinyar da ta bi kishiyar uwa rafi, duk muna da su, kuma Gizo ɗan'uwan Kweku Ananse ne da yaran Gana suka sani a shirin tatsuniya na gidan talabijin na ƙasa wanda Grace Omaboe ta gabatar. Amma yaron Nima yana jin Hausa ne, ba ya karanta ta. A makarantar boko Turanci ake koya masa da wani harshen Gana, a makarantar allo Larabci. Magana Jari Ce ba ta shigo jakarsa ba, kakar da za ta yi masa tatsuniya da dare kuma talabijin ya karɓe mata masu sauraro, daga baya waya ta karɓe na talabijin. Yunwar labari tana nan, wanda ya zo da tuwo shi aka ci nasa.

Yanzu mu da muka yi layin aro a 2007 mu ne iyaye. An fara ɗaukar sabon shirin a Ingila a Yulin 2025, kuma idan ya fito ba sai an jira wani ya dawo daga makarantar kwana ba, a wayar kowane yaro zai sauka. Yayata, wadda ta taɓa ɓoye mini littafi na huɗu a ƙarƙashin katifarta don tsoron kada in lalace, ta bar 'yarta tana karanta na farko, da sharaɗin duk babin da ta gama ta zo ta ba ta labari da Hausa. Na taɓa tarar da su a kai. Yarinyar ta kai wurin sandar sihiri ta tsaya tana neman kalma, Yaya ta ce mata, "To, kin ga wannan a labari ne kawai. A gaske wa yake yin yadda ya so?" Ta ce, "Allah, Umma." Sai aka ci gaba.

Hajiyarmu tana gefe a kan tabarma tana jan carbi tana saurare. Da aka gama sai ta gyara zama ta ce ita ma tana da nata, ta dubi jikar ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yarinyar ta yi shiru tana kallonta, don ba ta san amsar ba. Ni na matso na raɗa mata a kunne ta ce, "Ta zo mu ji ta," sannan Hajiya ta fara da Gizo a shekarar yunwa.