Waiwaye: Yadda Amurka ta taso daga haramta ɓoye bindiga zuwa yawo da ita ba lasisi

A ranar 4 ga Yuli, 2024, dokar da ta bai wa baligi damar soke ƙaramar bindiga a ƙugu ya shiga gari ba tare da lasisi ba ta fara aiki a jihar Louisiana. Da ita da South Carolina, wadda ta yi tata a watan Maris na shekarar, jihohin Amurka masu irin wannan doka suka kai 29 cikin 50. Kafin 2003, jiha ɗaya tak ce ke da wannan tsari, wato Vermont.

Ba wai an ce kowa ya ɗauki bindiga ba ne. Dokar tarayya tana nan: wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi, da wanda aka samu da laifin dukan iyali, da mai tu'ammali da miyagun ƙwayoyi, duk ba su da ikon riƙe bindiga ko a wace jiha. Mai saye a shagon dillali mai rajista ma sai an binciki tarihinsa. Abin da aka soke shi ne wajabcin cika takardar neman izini, da ɗaukar hoton yatsu, da biyan kuɗi, da kuma zaman aji na koyon doka da harbi. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsone wa mutane ido, kuma a kansa gardamar ta fi zafi.

Gyara na biyu a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya tabbatar da 'yancin mallaka da ɗaukar makami, ya fara aiki a 1791. Amma mutanen wancan zamani sun bambanta tsakanin rataya makami a fili da ɓoye shi cikin riga. A wurinsu, mai ɓoye makami maci amana ne, yana neman ya shammaci abokin gardamarsa. Kentucky da Louisiana suka haramta ɓoye makami tun 1813, wasu jihohi irin su Indiana da Georgia da Virginia da Alabama suka biyo baya. A 1822 kotun Kentucky ta rushe dokar jihar a shari'ar wani mutum mai suna Bliss da aka kama da takobi a cikin sandar dogarawa, sai jihar ta gyara kundinta a 1850 don majalisa ta samu hurumin hanawa. Kotun ƙolin Georgia kuwa ta ce a 1846: ana iya hana ɓoyewa, muddin an bar mutum ya rataya a fili.

Vermont ce ta fita zakka. A 1903 kotun ƙolinta ta soke wata dokar garin Rutland da ta ce sai da izinin magajin gari ko shugaban 'yan sanda mutum zai ɗauki fistol. Tun daga nan jihar ba ta taɓa kafa tsarin lasisi ba.

Lasisi irin na yanzu ya samo asali ne a farkon ƙarni na 20. New York ta yi dokar Sullivan, wadda ta wajabta lasisi, a 1911, bayan shekara biyu aka ƙara sharaɗin cewa sai mai nema ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Jihohi da dama suka kwaikwaya. Ikon bayarwa ko hanawa ya koma hannun alƙali ko shugaban 'yan sanda, shi kuma ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya hana. Wannan ya buɗe ƙofar son kai: mai kuɗi da mai uwa a gindin murhu su samu, talaka da baƙar fata su rasa. A 1956, bayan an jefa bam a gidansa a Montgomery, Martin Luther King ya nemi izinin ɗaukar bindiga a Alabama, aka hana shi. Har gobe masu adawa da lasisi suna kafa hujja da wannan, kuma hujja ce mai nauyi.

Daga nan aka shiga zango na biyu, na lasisin da dole hukuma ta bayar idan mutum ya cika sharuɗɗan da aka rubuta. Jihar Washington ta yi haka tun 1961, amma dokar Florida ta 1987, wadda ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta tsaya wa tsayin daka, ita ce ta zama abin koyi. A Texas abin ya biyo ta kan jini. A watan Oktoban 1991 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 23 a wani gidan abinci a garin Killeen. Suzanna Hupp, wadda iyayenta biyu ke cikin mamatan, ta bar bindigarta a mota saboda doka ta hana ta shiga da ita, kuma ta yi ta faɗin haka a gaban 'yan majalisa. Gwamna Ann Richards ta hau kujerar na-ƙi kan ƙudirin da ya shafi ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga a 1993, George W. Bush da ya gaje ta ya sa hannu a 1995. Illinois ce ta ƙarshe, a 2013, ita ma sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tilasta mata.

A wannan zango horo shi ne sadakin da aka biya kafin a ɗaura auren. Masu neman dokar sun kwantar wa jama'a da hankali cewa duk wanda zai fita da bindiga an tantance shi, an koya masa doka, an ga harbinsa. Texas ta fara da awa 10 zuwa 15 na darasi. A 2013 aka rage zuwa awa 4 zuwa 6. Ohio ta rage nata daga awa 12 zuwa 8 a 2015. Wato tun kafin a soke lasisin, an riga an fara zaftare horon.

Shi kansa horon bai taɓa zama iri ɗaya ba. Pennsylvania da Georgia suna ba da lasisi ba tare da ko awa ɗaya ta darasi ba. Utah tana buƙatar aji, amma ba sai ka harba ko harsashi ɗaya ba. Virginia ta daɗe tana karɓar kwas na intanet, sai a farkon 2021 ta ce dole a je da kai. Illinois kuwa awa 16 ce, da harsashi 30 a filin harbi: goma a nisan yadi 5, goma a 7, goma a 10, kuma kashi 70 cikin ɗari su faɗa kan allon saiti.

Jarrabawar Texas ta cancanci a dube ta da kyau. Harsashi 50 ne: 20 a yadi 3, 20 a yadi 7, 10 a yadi 15. Kowane harbi na iya kawo maki biyar, jimla 250, kuma 175 ake buƙata. Idan aka yi lissafi, harbi 40 na kusa kaɗai sun isa su ba mutum maki 200, don haka yana iya cin jarrabawar kafin a je nesa. Ana yin ta a tsaye, da haske, allon ba ya motsi, bindigar kuma tana hannu tun farko, ba a zaro ta daga kube. Wannan ba ta mai da kowa gwani. Abin da take yi shi ne tabbatar da cewa mutum ya iya loda bindiga, ya san inda zai juya bakinta, kuma malami ya ga yadda yake riƙe ta. Ajin ma yana da ginshiƙai huɗu: dokar makami da ta amfani da ƙarfin da ke iya kisa, sarrafa bindiga, sasanta rikici ba tare da faɗa ba, da ajiye makami inda yaro ba zai kai ba.

Alaska ce ta fara bin sahun Vermont a 2003, Arizona a 2010, Wyoming a 2011. Daga 2015 abin ya zama ruwan dare: Kansas da Maine, sai Missouri da New Hampshire a 2017, Kentucky da Oklahoma a 2019, Texas da Tennessee da Iowa a 2021, Ohio da Georgia da Indiana a 2022, Florida a 2023. Hujjar masu goyon baya ita ce 'yancin da kundi ya bayar ba ya buƙatar takardar izini, ɗan fashi dama ba ya neman lasisi, kuma kuɗi da jira suna faɗawa ne kan marasa ƙarfi. Matar da tsohon mijinta ke yi wa barazana ba ta da makonnin da za ta jira, ma'aikacin da ake biya da awa ba zai iya barin aiki kwana biyu ya zauna a aji ba. A Illinois kuɗin lasisin kaɗai dala 150 ne, ban da kuɗin malami da harsashi.

'Yan sanda da yawa ba su yarda ba, har a jihohin da 'yan Republican ke mulki. A Indiana, shugaban 'yan sandan jiha Doug Carter ya fito a gaban majalisa a 2022 ya soki ƙudirin, duk da haka gwamnan da ya sake naɗa shi, Eric Holcomb, ya sa hannu. Damuwarsu a aikace take: da, ɗan sanda na ganin bindiga sai ya nemi kati, yanzu ba shi da hanya mai sauri ta sanin ko wannan mutumin na cikin waɗanda doka ta haramta wa.

Kotun Ƙolin Amurka ta shigo a ranar 23 ga Yuni, 2022, a shari'ar Bruen. Alƙalai shida cikin tara suka rushe sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili na New York, suka ce ɗaukar bindiga a waje 'yanci ne. Mutane da yawa sun ɗauka kotun ta soke lasisi. Ba ta soke ba. Hukuncin da Alƙali Clarence Thomas ya rubuta ya bar tsarin jihohi 43 masu sharuɗɗa bayyanannu, Alƙali Brett Kavanaugh kuma ya ambaci hoton yatsu da binciken tarihi da horo a matsayin abubuwan da jiha ke iya buƙata. Kotun dai ta yi kashedi kan jira mai tsawo da kuɗi mai yawa. Nan take New York ta sa awa 16 na aji da awa 2 na harbi, California ma ta ɗaga nata zuwa 16. Ƙasar ta rabu biyu: wasu sifili, wasu kwana biyu cur.

Rashin horo yana fara cizo ne ta fuskar doka. Dokar tarayya ta 1990 ta haramta bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, amma ta keɓe mai lasisin jihar. Wanda ba shi da lasisi na iya karya ta yana tuƙi a titin unguwarsu. Tsallaka iyakar jiha ma tarko ne, domin damar da Indiana ta ba ka ba ta bin ka zuwa Illinois. Wasu jihohi sun wajabta ka sanar da ɗan sanda kana da bindiga da zarar ya tsayar da kai, Ohio kuwa tun 2022 sai idan ya tambaya. Sannan babbar tambaya, yaushe doka ta yarda ka harba? Galibi sai idan kana fuskantar barazanar kisa ko mummunan rauni a daidai lokacin. Zagi ba dalili ba ne, rigimar hanya ba dalili ba ce, kuma nuna bindiga don tsoratarwa laifi ne mai zaman kansa a wurare da yawa.

Sai kuskuren hannu. Sabon shiga yana cire gidan harsashi ya ɗauka bindiga ta zama fanko, alhali akwai ɗaya da ya riga ya shiga bututu. Dole a cire gidan harsashi tukuna, sannan a ja saman bindigar baya, a leƙa da ido. Idan aka juya wannan jeri, an sake loda ta ke nan. Wasu suna harbin cinyarsu wajen mayar da bindiga kube, saboda yatsa na kan kunama ko gefen riga ya maƙale a ciki. Shi ya sa malamai ke nacewa kan kube mai tauri da ya rufe kunama ruf, ba jefa ta a aljihu ko jaka tare da makullai ba. Wanda ya iso inda aka hana shiga da makami yakan bar ta a mota, mota kuwa ta zama babbar hanyar da ɓarayi ke samun bindiga a biranen Amurka. A 2023 jami'an binciken filayen jirgin sama sun kama bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu, kusan kashi 93 cikin ɗari da harsashi a ciki. Batun saiti kuwa, wani nazari da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan New York ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne na harsashinsu ke samun wanda aka nufa. Waɗannan masu horo ne. Sauran harsashin yana sauka wani wuri, kuma wanda ya harba shi ke da alhaki.

Masu bincike sun daɗe suna ja-in-ja. A 1997 John Lott da David Mustard suka ce sassauta dokar na rage manyan laifuka. Kwamitin majalisar bincike ta ƙasa ya duba a 2004 ya ce alƙaluman ba su isa a yanke hukunci ba. A 2019 John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa bayan shekara goma da sassautawa, laifukan tashin hankali kan fi yadda za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Masana a jami'ar Johns Hopkins kuma sun gano cewa hare-hare da bindiga sun ƙaru a jihohin da suka jefar da sharaɗin harbi a gaban malami.

A ganina an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ƙorafin tsada da jinkiri da son kai gaskiya ne, amma maganinsa a sauƙaƙa horon, a mai da shi kyauta ko kusa da kyauta, a yi shi da yamma da ƙarshen mako, a kuma ƙayyade wa hukuma kwanakin da za ta ba da amsa. Awa 16 ta yi wa mai neman na abinci yawa, sifili kuma ganganci ne ga wanda zai shiga kasuwa da makami a ƙugu. Wasu jihohin da suka soke wajabcin lasisin ma sun ji wannan a jikinsu. Dokar Texas ta 2021 ta umarci hukumar tsaron jihar ta samar da darasi kyauta a intanet, sai dai ba dole ba ne kuma babu harbi a cikinsa. South Carolina ta ɗan wuce nan: dokarta ta 2024 ta tanadi ajin horo kyauta a kowace gunduma da kuɗin gwamnati, ta kuma ƙara hukunci ga wanda ya aikata laifi da ɓoyayyiyar bindiga alhali ba shi da lasisi. A North Carolina majalisa ta zartar da ƙudirin soke lasisi a 2025, Gwamna Josh Stein ya hau kujerar na-ƙi a watan Yuni, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cire sharaɗin horo da sauke shekarun mai ɗauka daga 21 zuwa 18.