Suturar waje ta ƙaramar tirelar kwana: yadda ake zaɓenta da yadda ake ɗora ta

Wace irin tirela ce ake nufi?

Ƙaramin ɗakin kwana ne mai taya biyu wanda mota ke ja, gabansa a kumbure, bayansa kuma ya tsuke kamar ɗigon hawaye. Ta yi tashe a Amurka tun shekarun 1930, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane da dama sun ƙera tasu a gida da ragowar alminiyam ɗin jiragen sama, yayin da mujallu irin su Mechanix Illustrated ke buga zanen yadda ake haɗa ta. Girmanta na asali ƙafa 4 ne a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, wato daidai da falle ɗaya na filawud. Mutum biyu ke kwana a ciki, kicin kuma yana baya, ƙarƙashin wani murfi da ake ɗagawa sama.

Tunda jikinta filawud ne, me ya sa fenti kaɗai ba zai wadatar ba?

Saboda filawud yana shan ruwa ta bakinsa, inda aka yanke shi, kuma da zarar danshi ya shiga tsakanin fallayensa sai su fara rabuwa su ruɓe daga ciki, alhali waje yana nan lafiya lau a ido. Ban da haka, fuskar filawud tana yin ƙananan tsage idan rana da ruwa suka yi ta karɓa-karɓa a kanta, kuma fenti yana bin tsagen ne ya fashe. Ga kuma girgizar hanya, wadda ke motsa kowace mahaɗa a duk tafiya.

Waɗanne abubuwa ake rufe ta da su?

Wanda aka fi sani shi ne fallen alminiyam mai kaurin inci 0.032 ko 0.040, wato kusan milimita ɗaya, wanda nauyinsa ke kai kimanin kilo 2.7 a kowace murabba'in mita. Ba ya buƙatar fenti, rana ba ta cinsa, sai dai yana loɓawa idan dutse ya buge shi, kuma loɓar ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Akwai fallen faiba da aka riga aka sarrafa a masana'anta, irin wanda ake kira Filon, wanda ake mannawa da gam a kan katako. Akwai kuma yadin faiba da ake jiƙawa da efoksi (wani gam mai ruwa biyu da ake haɗawa ya sandare) a kan jikin tirelar kai tsaye, sannan akwai yadin kyanbas da gam da fenti, wanda masu ƙira a Amurka suka yi wa laƙabi da faibar talaka. A ganina, tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce inda tirelar za ta riƙa kwana: wadda za a ajiye a gareji za ta iya zama da katako mai sheƙi, amma wadda za ta shekara a fili tana buƙatar alminiyam ko faiba mai fenti.

Me ya sa ake cewa kada a manne alminiyam gaba ɗaya da gam?

Wannan shi ne wurin da sababbin masu ƙira suka fi yin kuskure, kuma dalilinsa zafi ne. Alminiyam yana miƙewa da kimanin milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya na ma'aunin Celsius. Idan aka ɗauki falle mai tsawon mita 2.4, aka ɗora shi da sanyin safiya, sannan rana ta ƙara masa digiri 40, zai ƙaru da fiye da milimita 2, alhali filawud ɗin da ke ƙarƙashinsa bai motsa ko kusa da haka ba. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwano da tsakar rana ya ji yadda rufin ke ƙas-ƙas shi kaɗai, to ƙarfen ne ke neman wurin miƙewa. Idan gam ya riƙe fallen a wasu wurare ya sake shi a wasu, sai ya kumbura tsibi-tsibi, bangon da aka sha wahala wajen daidaitawa ya koma kamar gwangwanin da aka taka.

Shi ya sa masu ƙwarewa da yawa ke barin fallen a sake a tsakiya, su bar aikin riƙonsa ga sandunan da ake ɗaurawa a bakunan fallen, da firam ɗin ƙofa, da na taga, da maƙalar fitilu. Wasu sukan shafa gam kaɗan don kawai ya tsaya a wurinsa har a gama ɗaura sandunan. Yana kuma da kyau a shanya fallen a rana ya ɗumama kafin a ɗora shi, domin idan ya huce daga baya sai ya ɗame, maimakon ya saki.

Ta ina ake farawa wajen ɗora shi?

Kafin komai, a shafe filawud ɗin da efoksi ko wani abin hana ruwa, musamman bakunansa, domin alminiyam yana tara raɓa ta ciki. Sannan a goge duk wani kan sukuru ko busasshen gam da ya taso, saboda ko ƙwayar tsakuwa ce ta maƙale a ƙarƙashi, sai ta fito a fuskar fallen. Bangunan gefe ake fara rufewa, a bar ɗan rara a yanke shi daidai da lanƙwasar jikin. Rufin sama shi ne na ƙarshe: a kafa shi daga ƙasan gaba, a riƙa kwantar da shi a hankali zuwa baya, ana ɗaure shi da igiyoyin ɗaurin kaya, kuma wannan aiki ne na mutum biyu ko uku. Ledar kariya da ke zuwa a jikin fallen a bar ta har a kammala.

Yaya aikin efoksi da na kyanbas suke?

Amfaninsu ɗaya ne: suna zama fata guda da katakon, ba tare da mahaɗa a gefuna ba. Yadin faiba ba ya yarda ya kwanta a kan kusurwa mai kaifi, don haka dole a zagaye bakin katakon tukuna. Ana auna efoksi daidai da yadda kamfanin ya rubuta, domin idan ma'aunin ya kuskure ba zai bushe yadda ya kamata ba, kuma ana sa safar hannu da takunkumi, musamman lokacin gugar samfefa. Hasken rana yana lalata efoksi, saboda haka wajibi ne a rufe shi da fenti.

Kyanbas kuwa ya fi araha da sauƙi. Ana wanke yadin ya tsuke, a shafa gam ɗin katako mai jure ruwa irin Titebond II, a shimfiɗa yadin a lallaɓe shi har iska ta fita, sannan a bi shi da fentin waje shafi bayan shafi har saƙar ta cika. Ba zai yi santsin jikin mota ba, kuma yana son sabon fenti lokaci-lokaci, amma ban ga aibin hakan ba ga mai ƙaramin ƙarfi.

Ta ina ruwa ya fi shiga bayan an gama?

Ba ta tsakiyar falle yake shiga ba, ta hujin da mai ƙira ya yi da hannunsa yake bi: gefen rufi, bakin ƙofa, fankar sama, da hinjin murfin kicin, wanda duk ruwan rufin ke gangarowa kansa. Ana shimfiɗa tef ɗin butil, wani baƙin danƙo da ba ya bushewa, ƙarƙashin kowace sanda da kowane firam. Kowane sukuru a fara huda masa rami, a ɗiga gam ɗin toshe kafa a ciki, sannan a ɗaura, kuma a yi amfani da sukurun da ba ya tsatsa. A guji silikon, domin idan ya ɓare wani abu ba ya kamawa a gurbinsa, har da sabon silikon. Kafin a sa katifa, mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗaya kuma ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama, mahaɗa bayan mahaɗa, don a gane ainihin inda ɗigon ya fito.