Ma'anar karya farashi a cinikin littattafai ta intanet

A kasuwa, ragi ko rangwame shi ne abin da mai kaya yake sauke wa mai saye bayan an yi ciniki, amma karya farashi wani abu ne daban, domin yana nufin ɗan kasuwa ya sayar da haja ƙasa da yadda takwarorinsa suke sayarwa da niyyar janye musu masu saye. A cinikin littattafai ta intanet, kalmar tana nufin babban dillali ya zabge wani kaso daga kuɗin da aka buga a bangon littafi, har ya kai matakin da ƙaramin shago ba zai iya binsa ba sai da asara.

Mawallafi ne yake yanka farashin bango, sannan ya ba shago littafin a kan sari, kuma daga tazarar da ke tsakanin kuɗin biyu ne shagon yake biyan haya da albashi. A ɗauka, alal misali, littafi yana fam 25 na Birtaniya a bango, shago kuma ya saro shi a fam 16. Idan dillalin intanet ya sa shi a fam 18, shi yana iya jurewa saboda yawan abin da yake sayarwa da kuma ƙarfin da yake da shi na matsa wa mawallafi ya ƙara masa sauƙin sari, alhali mai shago fam 2 kacal zai rage masa idan ya ce zai bi sahu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne littattafan jagora na masu hawan duwatsu da masu yawon ƙafa a Birtaniya. Da yawa daga cikinsu ƙungiyoyi ne suke wallafa su, irin su Climbers' Club da Scottish Mountaineering Club, kuma 'yan sa kai ne suke yin mafi yawan aikin bin hanyoyi da rubuta bayaninsu. Kwafi kaɗan ake bugawa, suna ɗaukar shekaru kafin su ƙare, kuma da kuɗinsu ake sabunta bugu na gaba. Wurin da aka saba ganin su shi ne shagunan sayar da igiya da takalman hawa a garuruwa kamar Keswick da Llanberis. Mai saye yakan shiga shagon ya buɗe littafin, ya duba taswirori, ya sha wa ma'aikaci kai da tambayoyi, sannan ya fita ya yi oda ta wayarsa. Idan haka ta yawaita, mai shago yakan daina ajiye littattafan yankunan da ba a cika zuwa ba, kuma a nan ne asarar take komawa kan mawallafi, domin a intanet mutum yakan nemi littafin da ya riga ya san sunansa ne, a kan kantar shago kuwa yake cin karo da wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Gaskiya ne mai saye yana samun sauƙi, musamman wanda yake nesa da irin waɗannan shaguna, sai dai a ganina sauƙin bai kai girman abin da ake rasawa ba.

Ƙasashe sun bambanta a kan lamarin. Birtaniya ta taɓa samun yarjejeniyar da ta hana sayar da littafi ƙasa da farashin mawallafi tun daga 1900, amma ta rushe a 1995, kotu kuma ta haramta ta a 1997. Faransa ta bi wata hanya da dokar 1981 da ake kira da sunan ministan al'adu Jack Lang, wadda ta taƙaita rangwame a kan sabon littafi zuwa kashi 5 cikin ɗari. Da aka hana kai littafi gida kyauta a 2014, sai Amazon, babban dillalin intanet, ya mayar da kuɗin kaiwa santim 1, wato ɗaya cikin ɗari na yuro, abin da ya sa daga Oktoban 2023 aka wajabta aƙalla yuro 3 a kan duk odar sababbin littattafai da ba ta kai yuro 35 ba.