Ku daina tayar da inji a cikin zaure

Tun da hunturun bana ya kama, na gaji da ganin abu guda a asibitin da muke aiki a nan Jega. A kawo yaro ko matar aure da sassafe, kai kamar zai tsage, ga jiri, ga amai, jiki sharaf. A gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. In tambayi inda suka kwana, a ce ɗakin da ke jikin zaure. Me ake ajiyewa a zauren? Babur ɗin maigida na kabu-kabu. Da asuba zai tayar da shi ya bar shi yana ɗumi, ƙofa a rufe ruf saboda sanyi, shi kuma ya wuce masallaci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da nake samu. "Haba Malama, ai injina ba ya hayaki, ko jiya bakanike ya duba." Da me ya duba? Ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sunsuna, ya ce lafiya lau. Malam, gubar da ke kwantar da iyalinka ba ta da launi, ba ta da wari. Sunanta kabon monoksaid. In ta shiga jini, ta fi iskar da muke rayuwa da ita kama wuri fiye da sau 200. Mai barci ba ya farkawa ya yi ihu, barcin ne kawai ke ƙara nauyi.

Su kansu masu ƙera motoci ba su yarda da ido ko hanci ba. A ɗakin gwaji, ɗora mota ake yi a kan manyan ƙarafa masu juyawa, tana gudu amma tana nan wuri ɗaya. A saka bututu a salansa, a gauraya hayaƙin da iska mai tsabta, a tara shi cikin jakunkuna, na'ura ta auna giram nawa na guba motar ke fitarwa a kowace kilomita. Kuma sai an bar motar ta yi sa'o'i ta huce sarai kafin a fara, domin lokacin da inji ke da sanyi ya fi zubo guba. Wato daidai wannan ɗumin asuba da kuke yi a zaure. Duk da wannan ƙa'idar, a shekarar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kama kamfanin Volkswagen da saka wa motocinsa masu shan man dizal manhajar da ke gane ana gwaji, sai ta rage gubar. A kan titi kuwa wasu na fitar da wata gubar mai cutar da huhu har kusan ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. To, in an iya ruɗin na'ura, ina ga tafin hannun bakanike?

Masu mota ma ban ƙyale ku ba. Wannan matatar da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, ita ke rage gubar kafin ta fito. An fasa an cire an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, sannan Alhaji ya bar motar a silo cikin gareji, yara na shirin makaranta a gefe.

Na san sanyi akwai wuya, na san tsoron ɓarayi ke sa a shigar da babur cikin gida. Ban ce ku bar shi a waje ba. Ku kwana da shi a ciki, amma a kashe! Da safe a tura shi ƙofar gida kafin a taka kik. Janareta ma haka, a fili, nesa da taga, ba zaure ba, ba cikin shago ba. Buɗe ƙofa rabi ba ya wadatarwa. In mutane biyu ko uku sun tashi da ciwon kai a ɗaki guda, a fitar da su sarari nan take, a kashe inji, a kawo su asibiti, kuma a gaya mana inda suka kwana. Kada a tsaya ana ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, shaƙe shi kawai za ku yi. Mai juna biyu kuwa a kawo ta ko da ta ce ta warware.