Jarrabawar shaidar ƙwarewa a tsarin Agile

Agile hanya ce ta tafiyar da aiki kashi-kashi: a gina kaɗan, a nuna wa wanda ake yi wa aikin, a ji ta bakinsa, a gyara, sannan a ci gaba. Sunan ya kafu ne a watan Fabrairun 2001, lokacin da masu haɗa manhaja 17 suka taru a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwa mai ginshiƙai 4 da ƙa'idoji 12. Daga baya cibiyoyi suka fara shirya jarrabawa suna ba da takardar shaida.

Ga uku daga cikin waɗanda suka fi shahara, biyu daga cikinsu a kan Scrum suke, wato ɗaya daga cikin hanyoyin aiwatar da Agile. CSM ta cibiyar Scrum Alliance ba a zama mata sai an halarci kwas na kwana biyu. Tambayoyi 50 ne, ana neman 37 daidai, kuma duk shekara biyu sai an sabunta takardar. PMI-ACP ta cibiyar PMI ta fi faɗi, domin ta haɗa Scrum da wasu hanyoyin Agile irin su Kanban da Lean da XP, tambayoyi 120 cikin awa uku, kuma ba mai zama mata sai wanda ya riga ya yi aiki a tsarin. PSM I ta Scrum.org, cibiyar da Ken Schwaber ya kafa a 2009, ba ta tilasta kwas, takardarta kuma ba ta ƙarewa, amma makinta da tsauri: tambayoyi 80 cikin minti 60, ana neman kashi 85 cikin ɗari. Wato daƙiƙa 45 ga kowace tambaya, kuskure 12 kawai aka yafe.

Tushen shirin PSM I shi ne Scrum Guide, ɗan littafin da Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, wanda aka sabunta a Nuwamban 2020. Gajere ne ƙwarai, shi ya sa wasu ke raina shi, alhali kowace jimla tana iya zama tambaya. Akwai abin da dole a haddace. Zangon aiki, wanda suke kira Sprint, ba ya wuce wata ɗaya. Taron kullum minti 15 ne. A zango na wata guda, tsara aiki ba ya wuce awa 8, bitar abin da aka gina awa 4, waiwayen yadda aka yi aikin awa 3.

Sai dai ba hadda ce ke kayar da mutane ba, sabo ne. A ce an tambaya: ana tsakiyar zango sai manaja ya zo da sabon aiki, yana so a cusa shi yau. Wanda ya daɗe a ofis hannunsa zai tafi ga amsar da ke cewa a bi umarnin na sama. A Scrum kuwa, Product Owner ne ke jera ayyuka bisa muhimmanci, shi kaɗai ke da ikon soke zango, masu ginawa su ke yanke yadda za su yi aikinsu, Scrum Master kuma ba shugaban raba aiki ba ne, mai koyarwa ne da kawar da cikas. Tsofaffin manajoji sun fi kowa shan wahala a nan, kuma ba laifinsu ba ne, shekaru suka yi suna aiki da akasin haka.

Masu shiri kan yi ta maimaita gwajin kyauta na Scrum Open har su daina kuskure, suna komawa littafin a kan duk tambayar da suka faɗi. Tambayoyin da ake tallatawa a intanet da sunan na ainihi ba abin dogaro ba ne, da yawansu a kan tsohon bugu aka gina su.