Masu tambayata kan mastas a egonomiks, ga amsa a wuri ɗaya

Wallahi tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, kullum abu ɗaya. Ga su nan na haɗa, don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Wai ba harkar noma ba ce?

A'a, wancan agronomi ne. Egonomiks ilimin daidaita aiki ne da jikin mutum da hankalinsa, aiki ya dace da mai yinsa, ba mutum ya yi ta lanƙwasa kansa ba.

Kenan gyaran kujerar ofis ne?

Wannan tambayar tana ɓata min rai. A yaƙin duniya na biyu matuƙan jirgin B-17 na Amurka sun yi ta hatsari wajen sauka saboda madannin tayoyi da na fukafukai kama ɗaya ne kuma gefe da gefe suke, sai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya sa aka bambanta siffarsu yadda hannu zai gane ko ido bai duba ba. To irin wannan ne aikin. Kujera ɗan ɓangare ce.

Wane digiri ake so mutum ya zo da shi?

Injiniya, fisiyoterafi, ilimin halayyar ɗan Adam, lafiyar ma'aikata, duk ana ɗauka. In fisiyo kika yi 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, kin ma fi wasu sanin jiki.

A ina ake yi?

Jami'o'in Loughborough da Nottingham a Ingila, shekara 1. Jami'ar Derby na yi ta intanet. Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu. A Amurka human factors suka fi kiransa, da sunan za ka nema.

In tafi waje ko in yi a gida, kuma zan samu aiki?

To nan fa sai a hankali, don amsar ba ɗaya ba ce. In niyyarka kamfanin mai ko jiragen sama ko asibiti a waje, ina ganin gara kwas ɗin da CIEHF, ƙungiyar ƙwararrun egonomiks ta Birtaniya, ta amince da shi, amma ka shiga shafinsu ka tabbatar da kanka a shekarar da za ka nema, don jerin yana canzawa. Kuɗin kuma ba wasa ba ne, Chevening ma, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, sai kana da shekara 2 na aiki kafin su saurare ka. In kuma koyarwa kake so ko bincike, za ka iya yi a gida ƙarƙashin sashen injiniyan masana'antu ko fisiyo, in dai ka samu malamin da da gaske fagensa ne, ba wanda zai karɓe ka don cike gurbi ba. Maganar aiki kuwa ba zan yi maka alƙawari ba, a nan ba kasafai ake tallar gurbi da wannan sunan ba, yawanci ta ofishin kiyaye lafiyar ma'aikata ake shiga. Amma aikin kansa gashi nan jibge. Lissafin NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, na nauyin da ya kamata mutum ya ɗaga daga kilo 23 yake farawa, shi ma in komai ya daidaita, daga nan raguwa yake, alhali ɗan dako yana wuni da buhun siminti mai kilo 50 a ka. Ga manomi duƙe da fartanya, ga tela a kan keke tun safe. Ka tafi da ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin furojet ɗinka, ya fi ka je kana jiran sufabaiza ya zaɓa maka.

Akwai lissafi?

Akwai, musamman ƙididdiga, kuma ba gudu. Ka fara koyon RULA da REBA, wato hanyoyin auna haɗarin yadda mutum ke zama ko lanƙwasa jiki a wurin aiki, tun yanzu, ka ɗauki hoton wani yana aiki da izininsa ka gwada auna zamansa da kanka.