Me ake nufi da "kenel da kompaila ba su dace ba" wajen saka direban katin hoto?

Duk mai aiki da Linux a kwamfutar da ke ɗauke da katin hoto na NVIDIA, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da wannan magana. Jiya komai lafiya lau, an karɓi sabuntawa an kashe. Yau an kunna, rubutu ya kumbura, hotuna sun baje, wani lokaci ma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin. In ka buga `nvidia-smi` sai ta ce ta kasa magana da direba. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Ngaundere da Marwa sun san abin, haka yaran shagunan gyara a Garwa. Maganin da aka fi gaggawar bayarwa shi ne "a goge a sake lodi". Sau da yawa kuwa katin bai lalace ba, Linux ɗin ma bai lalace ba. Wasu abubuwa biyu ne sigarsu ta saɓa.

Na farko shi ne kenel, wato zuciyar Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Shi ke tsakanin manhajoji da ƙarafan kwamfuta: shi ke raba ƙwaƙwalwa, shi ke magana da faifai da allon rubutu da katin hoto. Na biyu shi ne kompaila, manhajar da ke ɗaukar abin da ɗan Adam ya rubuta da yaren C ta mayar da shi umarnin da injin ke ganewa. Wanda aka fi amfani da shi a Linux shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. Shi kansa kenel ɗin da ke cikin kwamfutarka, da wata siga ta GCC aka gina shi kafin ya iso gare ka, kuma yana riƙe da sunanta.

Direba kuma, wanda 'yan makarantar Faransanci ke kira pilote, shi ne ɗan guntun da ke koya wa kenel yadda zai sarrafa katin. Direbobin Intel da AMD suna cikin kenel tun asali, tare ake gina su, shi ya sa masu su ba sa wannan kuka. Na NVIDIA daga waje yake zuwa. Masu kula da kenel kuwa sun daɗe da bayyana cewa ba su yi wa kowa alkawarin tsarin cikinsa zai tsaya yadda yake ba, daga siga zuwa siga suna canza shi yadda suka ga ya fi. Saboda haka wani ɓangare na direban, wanda ake kira modul, dole a gina shi daidai da kenel ɗin da zai shiga, kuma sau da yawa a cikin kwamfutarka ake ginin. Kamar mai ƙara ɗaki ne a jikin tsohon gini: in injin da ya buga sabon bulon ba awonsa ɗaya da na farko ba, layi ba zai hau layi ba, ko da ƙasar da simintin iri ɗaya ne.

Ko buɗe wa kowa asalin rubutun modul ɗin da NVIDIA ta yi a watan Mayun 2022 bai kawar da wannan ba, domin har yanzu a wajen kenel yake zaune.

Misalin da ya fi yawo shi ne na Ubuntu 22.04, wata siga ta Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Ya fito a watan Afrilun 2022 da kenel 5.15 da kuma GCC 11. Amma na kwamfutocin tebur da na hannu yana karɓar sababbin kenel a hankali ta hanyar sabuntawa, kuma a farkon 2024 kenel 6.5 ya iso, wanda aka gina da GCC 12. Kenel ya ci gaba, kompailar da ke cikin kwamfutar tana nan a 11. Cikin umarnin ginin sabon kenel akwai wani, `-ftrivial-auto-var-init=zero`, mai sa a cika wasu wuraren ƙwaƙwalwa da sifiri saboda tsaro. Sai a GCC 12 aka shigo da shi. In aka miƙa wa GCC 11, sai ta ce ba ta san shi ba, ginin ya tsaya nan take. Babu modul, babu direba, sai baƙar fuska.

Gano shi ba ya cin minti biyu. Ko fuskar ta yi baƙi, danna Ctrl da Alt da F3 tare yakan buɗe wurin rubuta umarni. `uname -r` zai faɗi kenel ɗin da ke aiki. `cat /proc/version` zai fito da dogon layi, a tsakiyarsa akwai sigar GCC da aka gina kenel da ita. `gcc --version` kuma zai faɗi wadda ke hannunka. A dubi lambar farko kawai. In can 12 ne nan 11, an kama ɓarawon.

Na taɓa ganin wani maigidan shago yana yi wa yaronsa wannan karatun. Yaron ya riga ya zura filashi zai goge kwamfutar wani ɗalibi, yana cewa, "Maigida, katin ne ya ƙone." Maigidan ya ce, "Dakata, ɗana, ka karanta abin da ta rubuta tukuna?" Ya buɗe `/var/log/nvidia-installer.log`, ya gangara ƙasa, ya ɗora yatsa a kan layi biyu, ɗaya yana farawa da "The kernel was built by", ɗayan da "You are using". Lambobin da ke gabansu daban. Aikin ɗalibin na ƙarshen shekara yana cikin faifan, ba shi da kwafi a ko'ina.

Gyaran shi ne a kawo kompailar da ta dace: `sudo apt install gcc-12`, tare da `linux-headers-$(uname -r)`, wato fayilolin da ke bayyana tsarin wannan kenel ɗin, waɗanda in babu su ba a ma fara ginin. Sigogin GCC biyu suna zama a kwamfuta ɗaya ba tare da rigima ba, sai dai a nuna wa mai girkawa, wato manhajar NVIDIA mai saka direban, wadda zai ɗauka, a rubuta `sudo CC=/usr/bin/gcc-12 sh` sannan sunan fayil ɗin direban. Akwai wani ɗan tarko a nan. In ka saita CC, wato abin da ke nuna kompailar da za a ɗauka, a layi daban sannan ka kira `sudo`, galibi `sudo` yakan watsar da saitin, ka koma inda ka fito kana mamaki. A layi ɗaya ake haɗa su. Ga wanda data ke yi wa tsada, kamar yawancinmu daga Adamawa har Kusiri da Injamena, sauke kompaila ɗaya bai kai ko kusa da sauke Ubuntu gaba ɗaya da duk manhajojin da za a sake nema ba.

Wasu sukan bi ta `update-alternatives` su mayar da GCC 12 ta zama ta kowa da kowa a kwamfutar. Yana aiki, amma ni ban cika so ba. Mai amfani da CUDA, manhajar NVIDIA ta yin lissafi mai nauyi da katin hoto, misali, zai iya tarar da ita ma tana da iyakar sigar GCC da take karɓa, sai ka toshe wannan rami ka buɗe wancan.

Mai girkawa na NVIDIA yana ba da zaɓin a yi watsi da binciken kompaila, har da `--no-cc-version-check`. Mutane na son wannan maɓalli saboda yana kawar da gargaɗin. In bambancin a lambobin baya ne, kamar 12.2 da 12.3, galibi babu komai. In lambar farko ce ta bambanta, rufe bakin gargaɗin ba zai koya wa tsohuwar kompaila umarnin da ba ta sani ba, ginin zai faɗi dai a gaba.

Sai DKMS, tsarin da ma'aikatan Dell suka ƙirƙira a 2003 domin ya riƙa sake gina irin waɗannan modul da kansa duk lokacin da sabon kenel ya zo. Abu ne mai kyau, amma shi ma da kompailar da ya samu yake aiki, kuma in ya gaza, saƙon yakan wuce cikin tulin rubutun sabuntawa ba wanda ya lura. `dkms status` zai nuna halin da ake ciki, cikakken bayanin gazawar kuma yana cikin `make.log` a ƙarƙashin `/var/lib/dkms`. Bayan an saka kompailar, `sudo dkms autoinstall` ya wadatar. A namu yankin akwai ƙarin abu ɗaya: in wuta ta ɗauke ana tsakar sabuntawa, batirin kuma ya riga ya mutu kamar na yawancin kwamfutocin gwanjo, aikin kan tsaya rabi. Sai a fara da `sudo dpkg --configure -a` kafin a zargi kowa.

Shawarata ga wanda ba shi da wani dalili na musamman: ya bar fayil ɗin `.run` da ake saukewa daga shafin NVIDIA ya ɗauki direban daga ma'ajiyar Ubuntu da `sudo ubuntu-drivers install`. A can akwai modul da aka riga aka gina daidai da kowane kenel nasu, har da sa hannun tsaro. In kuma aiki na jira yau-yau, a shiga jerin zaɓin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, lokacin kunnawa a ɗauki tsohon kenel, wanda direbansa ke nan daram, gyara ya biyo baya.

Ba kowace gazawa ce ta kompaila ba. In saƙon ya ce "Key was rejected by service", Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance abin da kwamfuta ke lodawa tun daga kunnawa, shi ne ya ƙi modul marar sa hannu. In kuma lambobin GCC sun yi daidai amma ginin na faɗuwa da ƙorafin wasu ayyuka da babu su, to direban ne ya tsufa ga kenel ɗin. Wannan ya fi shafar tsofaffin kwamfutocin da ke cika kasuwanninmu. Katunan NVIDIA na zuriyar Fermi sun tsaya a direba 390, wanda NVIDIA ta daina kula da shi a ƙarshen 2022, na zuriyar Kepler na tebur kuma sun tsaya a 470. Mai irin wannan kati, ko dai ya zauna a kan tsohon kenel mai dogon tallafi, ko ya koma nouveau, direban kyauta da ke cikin kenel, wanda ya isa rubutu da yawon intanet amma ba ya ɗaukar CUDA.